Gashin Idona Na Dama Da Gemun Bazazzagi

Idona na hagu ya tafi bai yi mini sallama ba. Ban san ranar da ya tafi ba, sai dai ranar da na gane. Ina alwalar Azahar a bayan shagona, a layin masu kwaɗo da ƙusa na kasuwar Kilomita Biyar, na ɗebo ruwa na kai fuska, tafin hannuna ya rufe idon dama, sai kasuwar gaba ɗaya ta ɓace. Na ɗauke hannu ta dawo. Na mayar ta ɓace. Na yi haka wajen sau biyar, har telan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya ce, "Bakano, wasan ɓuya kake yi da buta?"

Bari in gabatar da telan nan tun da wuri, don shi ne rabin labarin. Kakana daga Kano ya zo ƙasar nan da fatauci, nasa kakan daga Zazzau. Ni da shi duk a Bangui aka yanke mana cibiya, ba wanda ya taɓa taka Kano ko Zariya, amma wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa mun gaje shi cif, ba mu zubar da ko ƙwaya ba. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, sama da shekara arba'in ba a yanke hukunci ba. Dokar wasan kuwa kowa ya san ta: abokin wasa in ya ga abu a hannunka ya ce yana so, ba ka hana shi, kuma in ka bayar ba ka bin sa. Ya taɓa cire mini sabuwar hula a taron suna ya ɗora a kansa. Ni kuma na taɓa ɗauke masa takalmi ranar Juma'a a ƙofar babban masallaci, ya tako har gida ƙafa a ƙasa yana yi mini addu'o'in da ba a cewa amin.

Hajiya, uwargidana, ita ta tasa ni gaba zuwa wurin likitar ido. Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba, 'yar garin nan, ba ta jin Hausa. Sango, yaren garin, muka yi, tana tsarma Faransanci. Faransancina kuwa na aji uku ne, don a nan mahaifina ya cire ni daga lakkol, wato makarantar boko, wai tunda na iya karanta abin da ke jikin kwali ilimi ya kammala. Ta sa na ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ta haska, ta taɓa ƙwayar idon da wani ɗan abu mai shuɗin haske, sannan ta ja kujera baya.

"Papa, ka san lambatun unguwarku da damina?"

Na ce, "Babbansu ma ta ƙofar gidana ya bi."

"To, a cikin ido akwai ruwa. Ba hawaye ba, wani ruwa ne daban, kullum yana ɓuɓɓugowa kullum yana fita. Kai mafitar taka ta cushe. Ruwan ya taru yana danne jijiyar gani, yeke yeke, a hankali, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Jijiyar hagu ta riga ta mutu, ba ta dawowa. Ta dama tana nan, amma an fara cin gefenta."

Na tambaya ko ba a sa wa abin shebur a yashe. Ta ce akwai aiki in ta kama, amma za mu fara da ɗigo. Ta nuna mini wata 'yar kwalbar roba da ba ta kai babban yatsana ba. Ɗigo ɗaya, a idon dama kaɗai, kowace yamma.

"Har yaushe, Dokta?"

"Har ranar da ka daina buƙatar ido."

Na ce a raina, yarinyar nan ta iya magana.

Maganin nan a farmasin Bangui yau akwai, wata mai zuwa babu. Sai na yi magana da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da muke mutunci, mai kawo mana kaya daga Kamaru, ya riƙa taho mini da kwalba uku-uku daga Duwala, a naɗe cikin ƙanƙara. Wadda ba a buɗe ba sanyi take so, don haka masaukinta firjin Hajiya, a bayan ƙullin zoɓo da lemon citta da take sayarwa. Ɗigawar ma Hajiya ce, don ni in na ɗiga da kaina kunnena ne ke warkewa. Bayan Magariba in kishingiɗa a tabarma, ta ja fatar idon ƙasa ta ce, "Kalli sama. Sama na ce, Alhaji, ba ni ba." In ce ai tun da aka ɗaura aure ban ga fuskarta kusa haka ba. Ta ce in rufe ido in danne gefen hanci in yi mata shiru.

Wajen wata huɗu ana haka, ran nan tana riƙe da kwalbar sai ta tsaya.

"Alhaji, kwallina kake sha?"

"Wane kwalli?"

Ta miƙo madubi. Wallahi gashin idona na dama ya yi tsawo, ya yi kauri, ya yi baƙi wuluk har yana lanƙwasa, kamar na ɗan maraƙin da aka haifa jiya. Fatar da ke kewaye da idon ta yi duhu kamar an zizara tozali. Na hagu kuwa yana nan da 'yan tsirarun furfurarsa, abin tausayi. In na sa tabarau, gashin na share gilashin duk ƙiftawa.

Majalisarmu ta bayan La'asar ta samu abin yi. Mai sayar da fenti ya ce a kawo lalle a ƙarasa. Tela kuwa ya zaga ni ta dama, ya zaga ta hagu, ya ce, "Jama'a ku shaida, ta nan amarya, ta nan kakan ango. Bawana, in za ka gaishe ni, da ɓangaren amaryar za ka juyo."

Da ranar komawata asibiti ta zo, na shigar da ƙara a hukumance. Na ce, "Dokta, gani na zo nema, ba kyau ba. Kyau ina da shi tun asali."

Ta yi dariya har ta ajiye biro. Ta auna idon ta ce ruwan ya sauka sosai, magani ya karɓe ni. Sannan ta yi mini karatun da har yau nake cin abinci da shi a majalisa. Ta ce a cikin kowace ƙwayar jikin ɗan Adam akwai wani dogon rubutu da ya gada daga uwa da uba, layi bayan layi, kowane layi umarni ne na ƙera wani abu. A cikinsu akwai layi guda da aikinsa shi ne ƙera wani ɗan mitsitsin kwaɗo a jikin wasu ƙwayoyi. Makullin kwaɗon kuwa, jiki ne da kansa yake yin sa, daga maiƙo, ana ce masa furostagilandin. Sai da na sa ta faɗa sau uku, na rubuta da ajami a bayan takardar magani.

"Maganinka an ƙera shi ne ya kwaikwayi makullin," in ji ta. "In ya shiga kwaɗon da ke cikin ido, naman wurin sai ya saki, ruwan ya samu wata hanya ta gefe ya zirare. Amma irin wannan kwaɗon ba a nan kaɗai yake ba. Yana gindin gashin ido, shi ya sa naka ya ƙi daina tsiro. Yana taɓa wurin da ke ba fata launi. Yana mahaifar mace, yana cikin abin da ke sa ta matse a lokacin naƙuda. Likitocin shanu ma suna da allura mai irin wannan makullin, da suke yi wa saniya don ta nemi bijimi a lokacin da suke so."

Na gyara zama. Na ce, "Dokta, yanzu kin shigo shagona. Shekara hamsin ina sayar da kwaɗo. Kwaɗon da za a ce makulli ɗaya ya buɗe na ƙofar gida, ya buɗe na ɗakin girki, ya buɗe na garken shanu, wannan ba kaya ba ne. Mayar wa dillali muke yi da kwalinsa."

Ta ce, "Papa, gidan na mutum ɗaya ne. In mai gida ya ga dama ya sa iri ɗaya a ƙofofinsa, kai ne za ka mayar masa?"

Na ga maganar ta fita daga kasuwa ta doshi tauhidi. Can na ce, "To amma ni dai ba zan yi naƙuda ba ko?"

"Ɗigo ɗaya a ido bai kai can ba. Kuma ba ka da abin yin ta."

Ta ƙara da cewa rubutun nan ba sak yake a jikin kowa ba, akan samu ɗan bambancin harafi, kuma ana zaton yana cikin dalilan da wani magani kan karɓe shi sosai, wani kuma kaɗan. Na ce to ni nawa rubutun da hannu mai kyau aka yi shi.

Kuskurena na farko shi ne na kai karatun nan majalisa. Na zauna a kan buhun siminti na yi musu bayani tiryan-tiryan, daga lambatu har saniya, na faɗi furostagilandin sau huɗu ba tuntuɓe. Kowa ya yi ta mamaki. Tela ne kaɗai yake ta shafa haɓa, kuma da ina da hankali da a nan zan gane.

Shi bawan Allahn nan gashi huɗu ne a haɓarsa. Huɗu, na sha ƙirgawa. Yana da shekara kusan saba'in, ya fi duk layinmu karatun Alƙur'ani, amma a ƙaramin masallacinmu na kasuwa duk ranar da liman bai zo ba, sai a waiwaya a duba fuskoki, a tura mai gemu gaba. An taɓa tura wani baƙon ɗan kasuwa da bai yi wata biyu da zuwa daga Nijar ba, gemu har ƙirji, ya ja mu sallar Magariba da surar da tela ya yi masa gyara sau biyu daga sahu. Tela yana mayar da abin wasa, amma na san yana cin sa.

Washegari ya shigo shagona ya zauna a kan kwalin sakata.

"Bawana, makullin nan naka. Ka ce yana gindin gashi."

"Gashin ido na ce."

"Gashi dai gashi ne. Wanda ya sa kwaɗon a ido zai manta da haɓa? Kwalba nawa gare ka a gida?"

"Ɗaya a buɗe, ɗaya a firji."

"To ta firjin ta ubangidanka ce. Na gani ina so."

Ya faɗi kalmar. Na san magani ne, na san ido ɗaya ya rage mini, amma a shekara arba'in ban taɓa ce masa a'a ba, shi ma bai taɓa ce mini ba. Kuma a unguwar nan wa ke hana magani? Na ciwon kai, na zazzaɓi, na gwiwa, haka muke miƙa wa juna ta kan katanga. Na yi lissafi: ta buɗen za ta kai ni mako uku, direba kuma mako uku ya ce zai iso. Da Hajiya ta tafi barka unguwar Miskine, na zaro kwalbar daga bayan zoɓo na sa a aljihu.

Sai damina ta kankama. Hanyar Kamaru ta lalace a wani wuri, kamiyo suka yi layi ba gaba ba baya. Direba ya bugo waya ya ce sai yadda Allah ya yi. Na hau babur na zaga farmasi biyar a cikin gari, kowa ya ce ya ƙare, a dawo wani makon. Na leƙa wurin tela, ba don in karɓa ba, don dai in ga inda aka kwana. Ashe shi sau uku yake sa wa a rana, bayan kowane cin abinci, ya tsiyaya a yatsa ya murza. Cikin kwana goma kwalbar ta zama fanko.

Nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Na ce wa Hajiya likita ta bugo ta ce tunda ido ya yi kyau, a koma yau a ɗiga gobe a huta. Da na ga kwalbar na ƙara sauƙi a hannu, na ce an sake sabuwar doka, bayan kwana uku-uku. Ina taɓa idon ina jin lafiya ƙalau, ba ciwo ba ja. Na manta, ko in ce na mantar da kaina, cewa na hagu ma haka ya tafi ba ciwo. Sama da wata guda muna haka. Na fara lura in na ajiye buta a gindin ƙafata sai na sunkuyar da kai sosai kafin in gan ta, na ce tsufa ne.

Ranar da Hajiya ta matsa kwalbar ta yi tusa ba ɗigo, ta tashi ta nufi firji. Ina kwance ina jin ta tana fitar da zoɓo ƙulli-ƙulli tana jerawa a faranti. Ta dawo ta tsaya a kaina.

"Ina ɗayar?"

Na ce, "Hajiya, kin san dai tsakaninmu da Zazzagawa..."

Ba ta bari na ƙarasa ba. Ba ta yi ihu ba kuma, da ma ta yi. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Alhaji, ni zan iya jan ka da sanda zuwa masallaci, ba zan gaji ba. Amma ka sani duk wanda ya tambaye ni, zan ce gemu ka saya da shi."

Da safe ta tsaya a ƙofar shagon tela da mayafinta ta ce ya rufe ya biyo mu. Bai yi wasa ko ɗaya ba. Mu uku a bencin asibiti, ita a tsakiya.

Likita ta auna, ta sake aunawa, fuskarta ta canja. Ta ce ruwan ya hau kusan inda muka faro. Ta tambaya me ya faru. Na fara kame-kame da batun hanya, Hajiya ta nuna tela da haɓa ta ce, "Dokta, duba nan, maganin yana can." Likita ta kalli haɓar. Fatar wurin ta yi wani duhu zagaye kamar kwabo, gashin kuwa ni na ga huɗu, shi ya rantse shida ne. Ta juya mana baya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara, kafaɗunta na rawa. Da ta juyo kuwa ba dariya.

Ta sa ni a gaban wani abu kamar ƙwarya, ana ƙyalla ɗan haske nan da can, in na gani in danna. Da aka fitar da takardar ta ɗora ta kusa da ta baya ta nuna mini. Wani ɗan yanki daga ƙasa, da yake toka-toka, ya koma baƙi.

"Wannan ya tafi, Papa. Ba zan rantse cewa duk na watan nan ne ba, amma watan nan bai taimaka ba. Abin da jijiya ta rasa ba ta mayarwa. Tsakiyar tana nan. Ita za mu tsare."

Sai ta juya wurin tela. "Kai kuma kota zo, babban mutum da kai. In gemu kake so, ka roƙi wanda ya yi rubutun. Wannan kwalbar ba ta ado ba ce, idon abokinka ce." Ta zaunar da shi ta auna nasa idon, tunda ya zo. Lafiya ƙalau, duka biyun. Bazazzagi ba abin da ke kama shi. Ta ce 'ya'yana da ƙannena su ne ya kamata su zo awo, don abin yakan bi jini. Ni kuma ta rubuta mini wani ɗigon daban da ake samu a gari, wanda ba buɗe hanya yake yi ba, rage ɓuɓɓugar ruwan yake yi, in riƙe shi safe da yamma kafin nawa ya iso. Ta ce da na zo tun ranar farko da ta ba ni shi, ba sai na kafa wa kaina dokoki ba. Na ce singila mingi, na gode ƙwarai, da ƙaramar murya.

Bayan kwana tara kamiyo suka shigo. Hajiya ta karɓi kwalaben da hannunta, ta zuba su a wani ɗan akwatin ƙarfe, ta datse da kwaɗon da ta saya a shagon wani, ba nawa ba. Na ce wannan cin fuska ne ga sana'a. Ta ce ta sani.

Awon da ya biyo baya ruwan ya sauka, na bayansa ma haka, kuma baƙin yankin nan bai ƙara faɗi ba har yau da nake wannan rubutu. Matakala sai na sunkuya nake ganin ta, yaro in ya tsaya a gabana kurkusa sai na ji muryarsa kafin in san yana nan. Amma ina karanta Alƙur'anina mai manyan baƙaƙe, ina gane mai shigowa shago tun daga bakin layi, ina ganin lambar da ke jikin ƙaramin makulli. Wannan rubutun ma da idon nake yi, gashin na share tabarau.

Tela bai ba ni haƙuri ba, abokin wasa ba ya ba da haƙuri, ni ma da ya bayar da na ji kunya. Sai dai tun daga lokacin, duk ranar Litinin yakan rufe keken ɗinkinsa da hantsi ya taka har inda kamiyo ke sauke kaya, ya bi direbobi ɗaya-ɗaya yana tambayar wa zai tafi Duwala, wa zai dawo, hanya lafiya ko ba lafiya. Yanzu direba uku ne suka san sunan maganin, ba ɗaya ba, shi ya rubuta musu. Wani daga cikinsu ya tambaye shi ko ɗan'uwansa ne mai ciwon.

Ya ce, "Ɗan'uwa? Allah ya kiyaye. Bawana ne, gado na ci shi. In ya makance wa zai riƙa zura mini zare a allura?"

Direban ne ya kawo mini maganar. Na ce ya koma ya gaya masa, zaren zan zura, amma da ɓangaren hagu zan duba.